Kawu Tanko da Fitsarin Inji

Kawu Tanko ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya gaisa da injinsa. Duk wanda ya taɓa kai masa gyaran injin jirgin ruwa a bayan tasha, nan Lafiya, ya san haka. Ka yi ta sallama, ba zai ɗago ba. Sai ya tsoma injin a durom ɗin ruwa, ya ja igiya, ya tara hannu a ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. Shi yake kira fitsari. In ya fito da ƙarfi, to a lokacin ne za ka ji, "Wa'alaikumus salamu." In bai fito ba, sai ka nemi wurin zama.

Ina ma a kan inji abin ya tsaya! Ranar ɗaurin auren ɗan limaminmu, kowa na yi wa ango fatan alheri, Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ango, yaya fitsari?"

Liman ya ce, "Haba Tanko! A gaban surukai?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, su ya fi kamata su sani. Abin da ba ya fitsari ba ya nisa."

Ga maƙo. Akwai ɗan guntun ƙarfe da ke riƙe farfela, muna ce masa fil. Kawu bai taɓa sayensa ba. Daga hannun bokiti yake yankowa. Shi ya sa a gidansa babu bokiti mai hannu ko ɗaya. Matarsa, Inna Asabe, rungumar ruwa take yi kamar ta ɗauko jinjiri. Da ta gaji ta koma na roba, Kawu ya daina yi mata magana. Wai ta hana shi sana'a.

Ni ba dangin Kawu ba ne. Shekarar da aka ƙone mana ƙauye na zo Lafiya. Na fito da injina a kafaɗa. Mutanen gidana ba su fito ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Abin da nake so ku gane, wannan injin shi ne ya rage mini a duniya, da shi nake ci.

Wani rani, ruwan Binuwai ya ja baya sosai. Na ɗauko doyar matan ƙabilar Tibi daga ƙetare zan sauke a Tunga, inda motar Lafiya ke jira. Kawu ya je gyara can ƙetaren, ya ce in rage masa hanya. Rana na dukan kai, kowa ya gaji. Ina sauri. Sai ji na yi ƙurrr! Jirgi ya hau yashi ya kafe. Inji ya yi kuka ya mutu.

Na kai hannu zan ja igiya. Kawu ya taso ya zauna a kanta. Wallahi zama, daram, kamar ya samu kujera.

Na ce, "Kawu, tashi."

"Ba na tashi."

"Mota za ta tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

Shugabar matan, Mama Ngunan, ta miƙe tana tafa hannu. "Baba, abeg! Doya na yana dahuwa a rana! Wannan tsoho, kai mai jirgi ne ko fasinja ne?"

Ya ce, "Ni murfi ne, Mama. Zauna."

Ya juyo kaina. "Kai, ɗan nan. In ka faɗi ka cika baki da ƙasa, tashi kake ka ci gaba da gudu, ko tofarwa kake? Injin ya sha yashi. Ka ja igiyar nan yanzu, robar da ke ɗebo masa ruwa ta cinye kanta, ya ƙone ƙurmus. Ɗaga shi sama."

Na ɗaga. Ramukan da yake shan ruwa duk sun toshe da yashi da laka. Kawu ya shiga ruwa da babbar rigarsa. Na ce ya cire. Ya ce ai dama wankinta ya yi. Ya zare tsinke daga tsintsiyar wata mata, ya dinga sakace ramukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai sakace haƙori bayan layya. Ya zura tsinken a ƙofar fitsarin, ya sa baki ya zuƙa, ya tofar. Ya ɗan taɓa man giyar injin ya duba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, baƙi ne. Da ya yi fari kamar kunun gyaɗa, da sai mu fara karɓar gaisuwar mutuwa."

Sai ya juya farfela da hannu. Ta yi ta wulwulawa a banza. Fil ya karye.

Na ce, "Ina da ƙusa."

Ya harare ni. "Ƙusa taurin kai gare ta, irin naka. Ba ta karyewa, sai dai ta karya giya."

Ya ɗaga ido a hankali yana duba kayan mutane. Na san abin da yake nema. Mama Ngunan ma ta ga inda idonsa ya sauka, ta janyo bokitinta ta rungume.

"Kai! Sabo ne! Jiya na saye shi!"

"Shi ya sa, Mama. Tsoho ya yi tsatsa."

"Ba zan ba ka ba!"

"To mu kwana. Akwai doya, akwai ruwa. Wa ke da manja?"

Ta zage shi da Tibi, ta zage shi da Hausa, ta miƙa masa. Ya yanke hannun, ya mayar mata da bokitin da hannu biyu, ya ce, "Rungumarsa ake yi. Tambayi matata."

Ya sa fil. Ya sa kowa ya sauka aka tura jirgi, har ruwa ya kawo mana ƙirji. Muka hau. Ya ce, "Yanzu ja."

Na riƙe igiyar. Hannuna ya ƙi. Ni da nake neman ture tsoho ɗazu, ga ni tsaye kamar gunki. In na ja bai tashi ba, shi ke nan, ba ni da wani abin da zan koma wa.

Tun zuwana Lafiya kowa ke tambayata mutum nawa na rasa. Kawu bai taɓa tambaya ba. Ranar ma bai tambaya ba. Ya dai ɗora jiƙaƙƙen hannunsa a kan nawa, ya yi ƙasa da murya yadda mata ba za su ji ba. Ya ce, "Wannan dai ba za ka binne shi ba. Ja."

Na ja. Ya yi tari. Na sake ja, ya kama. Ruwa ya fara ɗiga, ja-ja da laka, sannan ya tsarto fari tas. Matan suka kaure da ihu. Na juya musu baya, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Mota ta tafi ta bar mu, sai washegari doya ta iso Lafiya. Amma injin yana nan, yau ma da shi na yi aiki.

Daga baya Kawu ya rasu a garin Azuba, gidan 'yarsa, nesa da kogi. Ni na riƙe makara ta wajen kai. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Allah ka san Tanko, ba ya son a yi masa gaggawa. Ka yi masa a hankali. Ka yafe masa, ka ƙetarar da shi lafiya, kada ya kafe a hanya. Amin.