Man Gyaɗa a Cikin Fifet

Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Gusau, fifet ɗaya ce muke ji da ita, wato abin zuƙar jini da ruwan magani daidai gwargwado. In ta yi ƙarya, mu ma mun yi.

Wani dattijo manomi daga 'Yankuzo ya zo a sake auna masa suga. Wata uku kafin nan abokin aikina ya auna shi, ya rubuta sugansa ya hau. Tun ranar iyalinsa suka hana shi fura da shayi, yanzu kuma likita na jiran sakamakona ya ɗora shi kan allura. Tsohon ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa.

Na auna jininsa sau uku, na samu amsa uku daban-daban. Na zuƙi ruwa na riƙe fifet ɗin a tsaye, sai ga shi yana ɗiga. Ai kuwa na kwance ta.

Warin ne ya fara dukana, irin na tsohon kaskon suya. Ciki ya yi danƙo baƙi ƙirin, ga busasshen jini, ga matattun kiyashi sun liƙe a jikin robar da ta kumbura. Na fita bayan ɗaki na yi ta tofar da yawu.

Na dawo na nuna wa abokin aikin nawa. Ko a jikinsa.

"Ai tauri ta kai, shi na nis sa mata man gujiya," in ji shi. "Mi ya yi zahi?"

Wato man gyaɗa ya zuba mata. Mutumin da ya girme ni a aiki, ya mai da kayan awon jini keken ɗinki!

Na aro wata fifet a maƙwabta na sake awon. Sugan tsoho lafiya lau.

"Baba, ka je ka sha furarka," na ce masa. Ban iya kallon idonsa ba.

"Ɗiyata, ashe na warke!" ya ce, yana ta sa mana albarka, har da wancan abokin aikin nawa.

Bayan mako guda ya aiko mini da tukuici daga gonarsa: kwalbar man gyaɗa, an toshe bakinta da totuwa. Na kai ta gida Bunguɗu na ajiye, amma na kasa girki da man.