Galan ɗin da Sabo Bai Buɗe Ba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, amma duk safiyar Asabar sai in ji kamar zan tarar da shi a ƙofar gidanmu na Dutsin-Ma, ya naɗe hannun riga, kansa cikin injin tsohuwar motarsa. Motar ta girmi 'ya'yansa duka, kuma bai taɓa kai ta gareji ba. Shi ke kwance fulogi ya goge, ya wanke kafireta da fetur, ya cika lagireto da ruwa, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu ya ji ko ya gaji. Wanda ya juye ma ba ya zubarwa, maƙwabta yake bai wa, su shafa wa azara saboda gara.

Yana kwance cikin ciwon ajali maƙwabcinmu Sabo mai wake ya zo aron motar, zai kwaso buhuna daga Kurfi. Na so a hana shi, Yaya ya ƙi. Ya sa na ajiye sabon galan na baƙin mai a but ɗin motar, ya ce wa Sabo, “Tsohuwa ce, tana shan mai. In ka isa ka duba, ka ƙara mata.”

Da igiya aka jawo ta gida, inji ya buga. Da Sabo ya yi shiru da na haƙura, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai ya zauna a majalisa yana cewa, “Ni hwa na ƙara mai. Malam ne ya bar injin ya ruɓe, duk goge-gogen nan burga ce.” Magana zarar bunu ce, ta kuwa isa kunnen majinyaci. Kwanaki Yaya ya yi yana tambayata ko akwai abin da ya manta bai ɗaure ba. Da wannan zargin kai ya koma ga Mahaliccinsa.

Bayan sadakar bakwai na buɗe but. Galan na nan inda na ajiye shi, ko murfinsa ba a fasa ba.

Shekara huɗu na yi ina tsintar kayan inji kafin ta tashi, ni da a da ban san bambancin sifana da filaya ba. Yanzu ni ke aikin Asabar. Da Yaya zai ga samari na tsayawa ɗaukar hoto da ita, da ya yi dariya, ya kuma yi tsaki ga masu motocin zamani da ba su san inda ake zuba ruwa ba. Na san kuma zai ce in yafe. Shi mai sanyin zuciya ne, ni ba haka aka yi ni ba.

Bana Sabo ya biya kujerar Makka, yana bi gida-gida neman gafara. Ya durƙusa a zaurenmu ya ce, “Malam Isa, a yahe mani abin da na sani da wanda ban sani ba.”

Na ce, “Wanda ba ka sani ba na yafe. Wanda ka sani, ka koma majalisar da ka faɗa ka warware shi a gaban mutane.”

Ya ce zai yi tunani. Jibi ake kiran su sansanin alhazai, har yau bai je majalisar ba.

Yaya bai bar gona ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari shi ne shaidar cewa in ya taɓa abu ya gyaru, ita ce kuma Sabo ya ɓata don ya tsira da fuskarsa. Mota dai na tayar da ita. Suna kuwa sai bakin da ya kayar da shi. In ya hau jirgi bai yi ba, ya je Allah ya kiyaye hanya. Akwai ranar da Yaya zai tambaye shi da kansa, kuma ina cikin shaidu.