Sarki Mai Layi Huɗu

A shagon hoton takardu na Al-Nasiriya, mutumin da ke gabana ya tsare mu kusan rabin awa. Dogo ne, siriri, an ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Shafi guda yake ta miƙa wa mai shago, yana cewa a ƙara girmansa.

Na leƙa. Layi huɗu ne na Turanci a kan wani sarkin Siyam, wato Tailan ta yau. Ya hau, ya yi 'yan watanni, an sauke shi. Shekarar ma da alamar tambaya. A makarantarmu ta mishan, wanda ya manta kwanan wata sai ya sha bulala, amma ga fada guda ta kasa rubuta ranar da sarkinta ya hau.

Na ce, "Ɗana, ko an mai da shi allon bango, sarkin nan ba zai ƙara kwana ɗaya ba. Iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar nan, kawai zan yi wa hoto."

Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Yi haƙuri, Baba. Ni na zaɓe shi don binciken digirina, na zaci gajeren mulki gajeren aiki ne. Babi biyar malamina ke jira kafin Sha'aban, in babu sai gida, ba digiri."

Harshensa na Damagaram ne, kuma ina jin can an riga an fara kiransa dakta.

Ya ɗaga shafin saitin fitila, ya daɗe yana duba tsakanin layukan. Sannan ya sake miƙa wa mai shago.