Agogo Mai Mantuwa

Kawuna a kan babur ya tsufa, yana kai yaran unguwa makaranta. Da agogon babur ɗin ya lalace, ya sa sabo. Kullum sai ya saita shi, da safe ya tarar ya koma sha biyu. Ya fara zargin ko bai saita ba ne, don da mantuwa ciwon Kaka ya fara. Har abinci ya fita ransa.

Na lallaɓa shi muka je wurin makanike, ya duba wayoyin.

"Baba, a wayar makulli aka haɗa shi, kana kashe babur yake mutuwa. Shi ne mai mantuwar, ba kai ba!"

Ya mayar da wayar kan batir. Kawu ya saita, ya kashe, ya kunna, lokaci na nan daram.

"'Yata," ya ce mini, "kin rage mini abincin nan?"