Oga Nnadi da Kawunan Yumɓu

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Oga Nnadi, mutumin da ya koya mini gina kan mutum da yumɓu, kuma har yau zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya a kansa ba.

Ina dukanci a Coal Camp ta Inugu, da aurena, lokacin da ya ga yadda nake zana fata ya ce in riƙa zuwa rumfarsa. Ya koya mini cuɗa yumɓu, da soma fuska daga ƙashin kunci, a bar ido sai ƙarshe. Limaminmu ya kira ni ya ce gumaka ne. Amma da gari ya fara zafi gabanin yaƙin basasa, sai tambayar ta canza: me ɗan Ibo yake yi da fuskokin Hausawa a jere a kan kanta? Ga kan Sarkin Fawa, ga na Alhaji Bawa mai goro, ga nawa, kuma baƙi suna shigowa su tsaya su ƙare musu kallo.

Wata safiya ina tankaɗen ƙasa, ya karɓe rariyar daga hannuna.

"Sule, ɗauki matarka ku bi jirgin ƙasan yau. Kada ka kai jibi."

Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce in wanke hannu in tafi. Muka tafi. Da jibin ta zo aka auka wa unguwarmu. Alhaji Bawa bai tsira ba, Sarkin Fawa ma haka, kuma ba wanda ya gargaɗe su.

Bayan yaƙi na koma na same shi ya rame, kantar ba komai. Ya ce sojoji ne suka farfasa kawunan. Matarsa kuwa ta gaya mini a gefe cewa shi ya fasa su da hannunsa ranar da na tafi. Don ya ɓoye mutanen ne, ko don ya ɓoye kansa? Na ƙara shekaru ina aiki a gefensa, muna cin abinci a kwano ɗaya, ban tambaya ba. Tsoron amsar nake.

Yau kowa na yawo da fuskokin mutane a waya. Na san da yana nan dariya zai yi, ya ce ba su kalli ko ɗaya da kyau ba.

Abin da ya bar mini shi ne raina, da 'ya'yana, da wannan hannu. Bara ɗan Alhaji Bawa ya roƙe ni in gina masa kan mahaifinsa, don ba su da hoto. Na gina daga abin da nake tunawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko wanda Oga Nnadi ya gina na mahaifin nasa ma ya yi kama haka.

Na ce nasa ya fi. Ko daga nesa za ka gane shi.