Guɗar da Na Yi a Filin Ƙwallon Birni

Mun tashi da asuba, ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan sunan 'yar limaminmu, a kakar nan da gero ya yi kyau amma taki ya cinye ribar tun tana gona. Tun shekarar da aka canja kuɗi muka dinga kwana da yunwa ban sake taka birni ba, sai wannan karon.

Ga dalilin tafiyar. Honorabul ɗin yankinmu yana da ƙungiyar ƙwallo a birni, mai biyan albashi duk wata, kuma zaɓe ya matso. Yana so ranar wasa a cika masa fili da mata masu anko. Ni kuwa duk ƙasar Makoda an san maƙogwarona, ba a kai amarya ɗaki ba tare da guɗata ba. Shugabar matan jam'iyya ta zo har gida ta ce, "Inna, in kika rangaɗa ta ya ji, dole ya tambayi mai ita. A nan sai ki ambaci jikanki."

Jikana Habu ke nan. Kowa a garinmu ya san ya fi Ado, jikan maƙwabciyata, iya ƙwallo. Amma uban Ado ne ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu, sai aka ɗauki Ado gola, Habu kuma yana nan yana ƙwadagon roron gyaɗa a gonakin mutane.

A bas ɗin da jam'iyya ta turo mana aka ba maƙwabciyar tawa gidan gaba. Ni aka cusa ni baya, kan taya, gwiwa a haɓa. Atamfar ankon mai hoton Honorabul ce, tawa ƙyalle kawai aka miƙo mini na ɗaura, tata kuwa an ɗinka har da aiki a wuya. Daga Makoda zuwa Danbatta hanya duk ramuka, kowane rami sai na ji shi a ƙuguna, ita kuwa tana gaba tana gaisa da 'yan acaɓa ta taga kamar motar ubanta.

A Danbatta muka tsaya shan mai. Ƙosan da ake sayarwa a tashar ya ƙanƙance har sai ka ɗora biyu a harshe kafin ka san ka ci wani abu. Ta saya mini na leda guda, ta ce, "Ci, Ado ne ya aiko." Na ce ina azumin nafila. Ban yi niyyar azumi ba, amma tunda na faɗa, na riƙe shi har azahar.

Birni ya cika da hotunan 'yan takara, har jikin bishiya. Aka ajiye mu a ƙofar gidan Honorabul muka yini a rana, sai aka rabo shinkafa a roba, da nama kamar ƙwayar dabino. Da la'asar aka kwashe mu zuwa fili.

Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba, koriya shar a cikin kaka, ana ba ta ruwa babu akuyar da za ta ci. Aka hau da maƙwabciyata rumfar manya, kusa da matan Honorabul, aka ba ta lemon kwalba. Mu aka jera mu a kan siminti mai zafi. Shugabar mata ta nuna mini ragar da ke wajen babban allo ta ce, "Duk sanda ƙwallo ta shiga waccan, namu ne suka ci. Ki saki murya."

Aka yi ta gudu babu abin da ya shiga ko'ina. Ado yana can ɗaya gefen, da safar hannu kamar mai ɗibar zuma, duk ƙwallon da ya kama sai fili ya ɗauki sunansa, kakarsa tana ɗaga hannu sai ka ce ita ta kama. Aka tafi hutu, aka dawo. Ba wanda ya gaya mini cewa bayan hutu musayar gida suke yi.

Can sai ƙwallo ta faɗa ragar wajen allo. Na miƙe, na toshe hanci, na rangaɗa guɗar da ban yi irinta ba tun ina da haƙorana duka. Fili ya yi tsit, muryata kaɗai ke yawo. Da na sauke ido sai ga Ado kwance a bakin ragar, fuska a ƙasa.

Honorabul ya tambayi mai ita kuwa, kamar yadda aka yi mini alkawari. Na ga ana nuno ni daga rumfa. Shugabar mata ta finciko zanena ta ce, "Inna, kin kashe mu. Cewa yake 'yan adawa ne suka turo ki."

Na ce, "Ragar da kika nuna mini ita na yi wa. Raga ce ta tashi, ko ni?"

"Ba ki ga Ado a ciki ba?"

"Idona na tsufa ne."

A dawowa ba wanda ya yi mini magana har Danbatta. Nan maƙwabciyata ta waiwayo daga gidan gaba ta ce, "Tun muna 'yan mata nake jin guɗarki. Na san ta kuskure, na san ta daɗi."

Na ce, "To ki riƙe saninki."

Bayan isha'i muka iso. Habu yana jirana a ƙofar gida, ya wanke takalmin ƙwallonsa ya jingine a danga. Na ce masa maganar ba ta yiwu ba, ya kwanta da wuri, gobe akwai roro.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ƙwallon birni ba da ƙafa ake shiga ba, da hular uba ake shiga. Kuma ta raba ni da abokiyar hira. Cikin 'yan matan da aka kai mu ɗakin miji a rani guda, duk sun riga mu gidan gaskiya, daga ni sai ita. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinta da safe, kuma har yau ba ta amsa gaisuwata.