Tsakuwar Tsohon Tafki

Babana direban babbar mota ne. Lokacin da kuɗin fetur suka fara yawo a ƙasa, yana ɗaukar kaya ya tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi, wani sa'in ya gangara har Ikko. Daga can ya taɓa dawo mana da akwatin gilashi da wasu 'yan kifaye jajaye, ya ce ni Hurera zan kula da su kafin ya dawo daga wata tafiyar.

Na ɗauki abin da zafi. Kullum sai na zubar da ruwan, na cuɗe gilashin yana ƙyalli, na cika da sabo daga rijiya, na zuba musu abinci kamar masu walima. Su kuwa sai mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da suka rage biyu, ko tuwo ban taɓa ba. Tsoron idon Baba nake ji, kuma ina son kifayen nan har cikin raina.

Bayan isha'i Iya, mahaifiyar Baba, takan zauna bakin murhu tana gasa mana gyaɗa. A daren ta dubi fuskata ta ce, "Mi ya samu uwar kifi? Matso nan. Ga wata tatsuniya ta iso, ku ba ta wurin zama."

Wai wani attajiri ne ya haƙa sabon tafki, ruwa garau, har kana hango ƙasansa. Ya gayyaci kifayen tsohon tafki, suka yi ƙaura suna murna sun rabu da laka. Ba a jima ba numfashi ya fara yi musu wuya. Sai tsohuwar kififfiya ta leƙo ta tambaye su ina masu shara. Suka ce ba su taɓa ganin wasu masu shara ba. Ta ce ai ba a ganinsu, ƙanana ne ƙwarai, cikin laka da jikin tsakuwa suke zaune, duk ƙazantar da kifi ya yi su ke cinyewa kafin ta zama dafi. Kififfiya ta riƙa komawa tsohon tafki tana goyo laka a bayanta, sannu sannu, har masu sharar suka hayayyafa a sabon wuri.

Ƙanena ya ce, "Iya, attajirin bai yi faɗa an ɓata mashi ruwa ba?"

"Ya yi mana! Amma wa ka tsoron faɗan wanda kifinai ke mutuwa?" Ta miƙo min gyaɗa. "Ke kuma, tsabtarki ta yi yawa, ɗiyata. Kin kore masu shara."

Da safe muka bi hanyar Riko ni da ita, tana dogara sanda, muka kwaso tsakuwa mai santsi daga wani tafki da ba ya ƙafewa. Ta hana ni wankewa, ta sa na zuba ta cikin akwatin haka nan. Ta ce ruwa kaɗan zan riƙa ragewa in ƙara, abinci kuma ɗan ƙalilan kawai. Ruwan ya yi hazo, na yi kuka na ce ta ƙarasa kashe su. Ta ce in yi haƙuri. Ɗayan ya mutu duk da haka. Ɗayan kuwa ya daina hawowa sama yana haki, kuma da Baba ya dawo ya same shi yana iyo cikin ruwan da ya washe da kansa.

A makaranta daga baya aka koya mana cewa kashin kifi yana sakin guba, wasu ƙwayoyin halitta ne ke juya ta, kuma sabon akwati ba shi da su sai an jira ko an aro daga tsoho. Na yi dariya a aji, na tuna da kififfiya.

Abin da ban gane ba sai da na manyanta shi ne, a shekarar kifayen nan ne Baba ya ɗauko Iya daga ƙauyen Mazanya ya sa ta cikin sabon ɗakin siminti, ya ce a bar tsofaffin tarkacenta a can, zai saya mata sababbi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Na yi ta zaton don kifina ta yi tatsuniyar, alhali muna zaune kusa da ita muna cin gyaɗa, ba wanda ya ce bari ya je Mazanya ya ɗauko mata ko da tsohuwar randarta.